Harafin da Baba Ya Ƙera

Babana mai walda ne. A layin masu ƙarfe kowa Tartsatsi yake ce masa, har masu kawo aiki. Rumfarsa ta kwano ce, gabanta a buɗe, injin walda a kusurwa, rodi a jingine jikin bango, ga wani tsohon benci da ya karye ƙafa ɗaya Baba ya yi masa ta ƙarfe. A nan yake yin ƙofofi da tagogi da gadaje, a nan kuma yake waƙa. Da zarar ya sauke gilashin walda a fuskarsa, sai muryar ta fito daga bayansa, 'yar dusasshiya amma mai shiga jiki. Waƙoƙin nasa ne, shi yake ƙirƙirarsu yana cikin aiki, kuma bai taɓa rubuta ko ɗaya ba.

Abokin aikinsa, Dogo, shi ne makaɗinsa, ko da yake bai taɓa riƙe ganga ba. Guduma yake riƙewa. In yana miƙar da rodi a kan maƙera, bugunsa yakan bi muryar Baba, ya sassauta inda ta sassauta, ya tsaya inda ta tsaya. Dogo ba mai yawan magana ba ne, kunnensa na hagu kuma ya yi nauyi saboda ƙarar ƙarfe, don haka in za ka yi masa magana sai ka zagaya ta damansa.

Ni ce babbar 'yar Baba. Ina aiki a wani shagon buga takardu, ina zana katin gayyata da kalanda da allon shaguna a kwamfuta. Shi ya sa da maganar ta taso, a kaina ta faɗo.

Wani mai situdiyo ne ya kawo gyaran ƙofar shagonsa, ya zauna a benci yana jira, sai ya ji Baba ya ɗauki waƙa. An gama gyaran, mutumin bai tashi ba. Daga baya ya dawo da na'urorinsa ya ɗauki waƙa shida a nan cikin rumfar, da gudumar Dogo da komai. Ya ce in aka kai su situdiyo za a kashe musu ɗanɗano. Da ya gama gyara sautin, ya kawo mana muka saurara a tsakar gida. Umma ta ajiye wankin da take yi, ta tsaya da kumfa a hannu har waƙar farko ta ƙare. Ita ce wadda Baba yake cewa:

Na yi wa gari ƙofa, na yi wa gari taga,
in na koma gida, labule ne ke gaishe ni.

"Wannan ai da ne," in ji Umma. "Yanzu muna da ƙofa. Kada mutane su ɗauka har yau a labule muke."

"Waƙa ce, ba rahoto ba," in ji Baba.

Mai situdiyo ya yi mana bayanin abin da ya rage. Ba kai tsaye mutum yake saka waƙarsa a manhajojin da ake sauraron waƙa a waya ba. Akwai kamfanonin da ke karɓa, su duba, in komai ya yi daidai su rarraba wa manhajojin. Abu biyu suke dubawa ban da sautin: hoton bangon kundin waƙoƙin, da bayanan da ke tafiya da waƙa, wato sunan mawaƙi, sunan kundi, sunan kowace waƙa, harshen da aka yi ta, da wanda ya ƙirƙire ta. Ya ce shi zai cike bayanan, ni kuma in yi hoton. Sunan kundin bai ba mu wahala ba, sunan waƙar farko Baba ya zaɓa: Ƙofar Gidan Wani.

Ana nan sai Baffa ya shigo cikin maganar. Baffa ƙanen Baba ne, yana da shagon tayoyi a bakin titi, kuma a motarsa aka ɗauko kayan mai situdiyo, don haka yana ganin yana da kaso a kundin. Ya same ni a wurin aiki, ya jawo kujera kusa da kwamfutata.

"'Yata, a ƙasan hoton ki sa sunan shagona da lambar wayata. Da ja. Ki sa na Yaya ma, ko wani ya buƙaci ƙofa."

"Baffa, na karanta ƙa'idarsu. Ba sa karɓar lambar waya ko talla a bango."

"Wa zai gani? Waƙa nawa ake tura musu a rana? Ke dai sa."

Baba kuma nasa ra'ayin daban. Ya sa Umma ta ɗauko wani hotonsa na samartaka daga ƙasan akwati, ƙarami, bai fi tafin hannun jariri ba, gefensa ya lanƙwashe. A ciki Baba yana da suma buzu-buzu da riga mai faffaɗan wuya.

"Wannan za a sa," ya ce. "Lokacin da nake mutum."

Na faɗa masa hoton ya yi ƙanƙanta. Ya ce ai aikina kenan, kullum yana ganin muna mai da ƙaramin hoto ya zama allo. Manya biyu sun taru a kaina, na ga gardama ba za ta kai ni ko'ina ba. Na yi abin da suka ce, na gyara iyakar iyawata, muka tura.

Amsar ta zo ta imel, gajera kuma cikin ladabi. An ƙi bangon. Na karanta musu da rana, Baba ya dawo cin abinci, Baffa ma ya biyo shi. Dalili biyu suka bayar: hoton ba ya fita sosai, kuma akwai lambobin waya da talla.

Baba ya ajiye cokali. "Me fuskata ta yi musu?"

"Ba fuskarka ba ce, Baba."

"To ta wa ce a ciki?"

Na buɗe hoton a kwamfuta, na faɗaɗa shi zuwa girman da suke nema. Na yi masa bayani cewa hoto a allo 'yan ƙananan ɗigo ne aka jera, su kuma suna son ɗigo dubu uku a tsaye, dubu uku a kwance, murabba'i cif, don ya fita ko a waya ko a babban talabijin. Nasa da aka ja shi ya kai nan, idanun sun zama tabo biyu, sumar kuma ta narke ta haɗe da bango. Umma ta leƙo ta bayansa, ta kasa riƙe dariya.

"Wallahi da wannan ne ya zo zance wurina, da na sa an kore shi."

Baba bai yi dariya ba, amma ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, "Suna da gaskiya. Wannan ba ni ba ne."

Baffa ne bai yarda ba. Ya ce wane irin kamfani ne wannan da zai hana mutum neman abincinsa, ko 'yan sanda ne su? Na ce masa bangon kundi zai je hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan titinmu ba, kuma zai daɗe fiye da lambar wayarsa, wadda na san ya canza ta ba sau ɗaya ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce tunda an ƙi shi, a nemi wata motar nan gaba.

Karo na biyu na ari kyamarar shagonmu, na je rumfa na ɗauki Baba da Dogo suna tsaye gaban wata sabuwar ƙofa. Hoton ya fita tas. Na rubuta sunan kundin a sama. A nan na ci karo da tsohuwar matsalar da duk mai zane da Hausa ya sani. Salon rubutun da na zaɓa, mai kauri, mai kyau, ba shi da Ƙ mai ƙugiya. Da na danna, sai wani akwati ya fito a madadinsa. Na gwada wani salon, haka. Ƙarshe na aro harafin daga wani salo daban na liƙa a gaban sauran. Bai yi daidai da su ba, amma na ce a raina ba kowa zai lura ba.

Aka sake ƙi. Wannan karon sun ce sunan da ke kan bango bai yi daidai da wanda ke cikin bayanai ba. Sannan akwai tambarin wani kamfani a cikin hoton. Na duba sosai, sai ga shi a ƙirjin Dogo: rigar kyauta ce ta masu sayar da fenti, ta koɗe har ni ban lura da ita ba, su kuwa sun gani.

Na kira mai situdiyo, ya same mu a rumfa. Ashe shi da K mara ƙugiya ya rubuta sunan kundin.

"Da gangan na yi," ya ce. "Mutane da yawa ba su da wannan harafin a wayarsu. Ki cire ƙugiyar daga bango kawai, su zama ɗaya, a wuce wurin. Kowa haka yake yi."

Baba ya ɗaga gilashinsa zuwa goshi. "Karanta min abin da ka rubuta, yadda ka rubuta shi."

Mai situdiyo ya karanta, da K ɗinsa sarai. Dogo, da ya juyo da kunnensa mai kyau, ya yi wani ɗan tari da na san dariya ce.

"Ɗana," in ji Baba, "na gode da duk abin da ka yi min. Amma ni ƙofa nake yi. Wannan da ka faɗa ya fi kusa da kofi. In wani ya zo ya ce in yi masa abin da ka karanta, sai in tura shi wurin mai shayi."

Mai situdiyo ya yi dariya, ya ɗaga hannu biyu ya ce shi dai shawara ya bayar. Ni kuma na riga na rubuta wa kamfanin na tambaya, sun amsa cewa za su karɓi harafin, muddin na zaɓi Hausa a matsayin harshen kundin kuma na rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Mai situdiyo ya miƙa min ragamar bayanan gaba ɗaya, ya ce tunda ni ke yin bangon, gara hannu ɗaya ya yi duka biyun.

Baba ya ce in nuna masa bangon da aka ƙi. Na miƙa masa wayata. Ya kanne ido, ya sa yatsa a kan harafin farko.

"Wannan kuma yunwa yake ji? Sauran duk sun ƙoshi, shi kaɗai ya rame."

Na gaya masa gaskiya, cewa waɗanda suka tsara salon rubutun ba su yi namu harafin ba, aro na yi.

"Ba su yi ba?"

"Ba su yi ba, Baba."

Ya dubi rodin da ke jikin bango, ya dube ni. "To mu yi abinmu mana. Ke ki zana, mu mu lanƙwasa. In an ɗauki hoton ƙarfe, ai ba ruwanki da salon kowa."

Na juya maganar a raina. Babu abin da ƙa'idar ta ce game da abin da aka yi rubutu da shi. Abin da ta ce kawai shi ne ya karantu, kuma ya dace da bayanai. Zanen ya fara zama a kaina tun kafin in taɓa kwamfuta.

Na ce masa, "Amma duk abin da muka ƙera, shi zan rubuta a bayanai, harafi da harafi. Ƙarfe ba ya goguwa. Sai mu yanke shawara yanzu me za a sa."

Baba ya ɗauki alli ya durƙusa a simintin rumfar. Ya rubuta sunan kundin da manyan baƙaƙensa na awon taga. A ƙasa ya rubuta Tartsatsi. A ƙasan wannan kuma ya rubuta Dogo.

Dogo ya matso ya duba. Sunansa na cikin 'yan kalmomin da yake ganewa, don shi ake rubutawa a jikin kwanon abincinsa. Ya sa tafin takalminsa zai goge.

"Ni me na yi? Rodi nake miƙarwa."

"Ajiye gudumar," in ji Baba.

Dogo ya ajiye. Baba ya gyara murya ya ɗauki waƙar ƙofa. Layin farko ya fita lafiya. A na biyu ya jira bugun da ya saba zuwa, bugun bai zo ba, ya shiga da wuri, ya yi tuntuɓe da kalmarsa, ya tsaya. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa a wuri ɗaya. Ban san ko da gangan ya yi na biyun ba, amma na farkon na tabbata ba wasa ba ne.

"Ka ji?" ya ce, yana magana ta daman Dogo. "Rabin waƙa kenan. Kana so a yi ta sauraron rabin waƙa da sunana?"

Dogo ya sosa ƙeya, ya ɗauki gudumarsa, ya janye ƙafarsa daga kan allin.

Na zana haruffan a manyan takardu a wurin aiki, na kawo, Baba ya shimfiɗa su a kan teburin ƙarfe. Ya zaɓi siririn rodi, Dogo yana yankawa yana lanƙwasawa, Baba yana haɗawa. Duk lokacin da na tashi aiki sai in biya ta rumfar in tarar an ƙaru. Harafin "a" ya ba su wahala, don cikinsa kan toshe in waldar ta yi yawa, Baba ya zubar da guda biyu cikin tarin ɓaraguzai yana tsaki. Ƙ kuwa ya bar shi ƙarshe, kuma bai bar Dogo ya taɓa ba. Ya gasa kan rodin har ya yi ja, ya kama da filaya, ya juya shi a hankali. Ya ɗaga sama ya duba, ya ce ƙugiyar ta yi kama da sandar tsoho. Ya sake gasawa ya rage. Da ya gamsu, ya tsoma a bokitin ruwa, ƙarfen ya yi cuu, ya miƙo min.

"Ga harafinki. Ki ga ko wannan ma yana jin yunwa."

Yana da ɗumi a hannuna, da nauyi. Ƙugiyar ta fito daga kafaɗarsa da kauri ɗaya da sauran jikin, kamar da ita aka haife shi.

Suka jera haruffan a kan wata ƙofa da Baba ya yi musamman, aka shafa mata shuɗin fenti, haruffan kuma aka goge su har suna sheƙi, ba a shafa musu komai ba. Matsalar da ta rage ita ce haske. Cikin rumfar duhu, gabanta kuma allunan shagunan maƙwabta ne cike da lambobin waya, duk inda na juya kyamara sai wani ya shigo. Muna buƙatar fili da bango mara rubutu, ƙofar kuma ba ta ɗaukuwa a ka.

Umma ce ta kira Baffa. Ban san abin da ta faɗa masa ba, amma da safe sai ga motarsa a bakin rumfa, fuskarsa a ɗaure.

"Ba don ku na zo ba," ya ce. "Hanyata ce."

Ya kai mu bayan wani tsohon sito inda akwai dogon bango fari da rana ke bugawa ta gefe. Aka jingine ƙofar. Dogo ya zo da wankakkiyar rigar aiki wadda Umma ta duba ciki da waje ta tabbatar ba tambarin kowa. Baba ya so ya sa kayan fita, na roƙe shi ya bar na aiki, da gilashin a goshi. Na ba Baffa farin allo ya riƙe don ya mai da haske fuskokinsu. Ina duba kyamara sai na ga wani baƙin abu a ƙasan hoton, ta dama.

"Baffa, wannan tayar fa?"

"Wace taya? Ta gangaro ne."

"Ta gangaro daga mota, ta zagayo, ta zo ta tsaya da kanta?"

Baba ya fashe da dariya, irin wadda ke fito da haƙoransa duka, Dogo ma ya murmusa yana riƙe da guduma a kafaɗa. Na danna a daidai lokacin. Baffa ya gangara da tayarsa yana mita, na sake ɗaukar wasu da yawa, amma wancan na dariyar ne ya fi duka, tayar kuma ba ta shiga cikin murabba'in da na yanke ba.

Bayanan na cike su a tsakar gida, Baba na zaune kusa da ni da katin shaidarsa a hannu, don gurbin wanda ya ƙirƙiri waƙa cikakken suna yake so, ba laƙabi ba. Na sa Tartsatsi a gurbinsa, Dogo a nasa daban, kowa da layinsa yadda suke a kan ƙofar. Na zaɓi Hausa. Na rubuta sunayen waƙoƙin ba da manyan baƙaƙe zalla ba, don sun hana, na bi kowace ƙugiya ɗaya bayan ɗaya ina karantawa da ƙarfi, Baba yana cewa haka ne. Da muka zo kan abin kiɗa, na duba jerin nasu daga sama har ƙasa, akwai ganguna iri-iri da abubuwan da ban taɓa ji ba, babu guduma. Na zaɓi kayan bugawa.

"Su ma ba su yi ba?" in ji Baba.

"Wannan kam ba za mu iya ƙera musu ba."

Na ɗora hoton gefe da bayanan, na kwatanta harafi da harafi, na miƙa wa Umma ta sake kwatantawa da sabon ido. Sannan na ba Baba kwamfutar na nuna masa inda zai danna. Ya goge yatsansa a wando tukuna.

Amsar da ta zo layi ɗaya ce. An karɓa, kuma kundin zai fito ranar da muka zaɓa. Ina wurin aiki na gani. Na karanta, na sake karantawa, na tashi na je bayan injin buga takarda na tsaya ni kaɗai, don kada abokan aikina su tambaye ni me ya sa nake murmushi da hawaye a ido.

Ranar da ya fito, na nemi izini na tafi rumfa da safe. Baffa ya riga ni, ya zo da babbar sifikar shagonsa ya ajiye a kan benci. Umma ma ta zo, ita da ba ta cika taka layin masu ƙarfe ba. Maƙwabta suka bar aikinsu suka taru a bakin rumfar. Na buɗe manhajar, na rubuta Tartsatsi. Shuɗiyar ƙofar ta fito, ƙarama kamar kan sarki, amma kowane harafi yana karantuwa, Baba yana dariya a gefe ɗaya, Dogo a ɗayan. A ƙasa sunan kundin ne da rubutun manhajar, da ƙugiyarsa.

Baba ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya kalla ya kalla, ya miƙa wa Dogo. Na haɗa da sifika. Bugun guduma ne ya fara fita, uku a jere, kafin murya. Dogo ya juyo da kunnensa na dama, ya matso har ya kusa jingina da sifikar. Bai taɓa jin bugunsa daga waje ba. Na ga yatsunsa suna motsi a jikin wandonsa, suna bi.

"Wannan ɗan'uwana ne, ciki ɗaya," Baffa yake faɗa wa duk wanda ya tsaya. "A motata aka ɗauki ƙofar nan."

Ana cikin waƙa ta uku wani mutum ya shigo da awon taga a takarda, yana sauri. Ya yi sallama ya fara bayani. Baba, wanda ko abinci yake ci yakan miƙe wa mai kawo aiki, ya ɗaga masa hannu ya nuna masa gefen benci.

"Zauna, malam. Bari ta ƙare."

Mutumin ya zauna yana mamaki. Can ya dubi sifika, ya dubi Baba, ya sake duban sifika.

"Wai muryarka ce?"

"Tawa ce. Gudumar wancan ce." Sannan ya juyo ya nuna ni da haɓa. "Wannan kuma 'yata ce, babbar. Duk abin da ka gani a wayar nan ita ta tsaya a kansa har ya shiga. In kana da aikin zane, ita za ka nema, amma ka sani ba ta sakin aiki sai ya yi."

Ban taɓa jin ya yabe ni a gaban baƙo ba. Na sunkuyar da kai ina gyara wayar sifika da ba abin da ya same ta. Waƙar ta ƙare, ta huɗu ta ɗauka. Baba ya karɓi takardar mutumin, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya tambaye shi tagar ciki za ta buɗe ko waje.